Panini ɗaya ko panino ɗaya: wa ke da ikon nahawun kalmar aro?

A wani shagon sayar da shayi da kayan ƙwalam a Abuja na ji wani mutum cikin kwat yana yi wa yarinyar da ke karɓar kuɗi gyaran magana. Ta tambaye shi ko panini ɗaya, wato burodin nan da ake cusa wa nama ko cuku, za a gasa masa ko biyu, sai ya kife wayarsa a kan kanta ya shiga karantar da ita cewa babu wani abu a duniya mai suna panini ɗaya, domin a harshen Italiyanci *panini* jam'i ne, tilonsa kuwa *panino*. Yarinyar ta ce, "To, ranka ya daɗe," ta rubuta abin da ta saba rubutawa a 'yar takardarta, mu da muke bayansa a layi kuma muka ci gaba da jira.

Abin da mutumin ya faɗa game da Italiyanci gaskiya ne, ba na musunsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tunanin cewa wannan gaskiyar ta ba shi ikon kiran maganar yarinyar kuskure, alhali ita ba Italiyanci take yi ba. Ra'ayina shi ne, idan harshe ya ari kalma daga wani harshe har ta zauna a bakin masu magana da shi, to tilonta da jam'inta da jinsinta sun koma hannun masu aron, kuma wanda ya ce panini ɗaya a Hausa ko a Turanci ko a Faransanci bai karya dokar kowa ba. Akwai wurin da sanin asalin kalma yake da amfani ƙwarai, zan kuma zo kansa, amma ba a wasalin ƙarshe wurin yake ba.

Inda kalmar ta fito

Burodi a Italiyanci shi ne *pane*, kalmar da aka gada daga *panis* ta Latin. Italiyawa suna ƙanƙantar da abu ta hanyar liƙa wa kalma ɗafa-ƙeya, wato ɗan ƙari a ƙarshenta, aikin da mu muke yi da "ɗan" ko "'yar", saboda haka *pane* ya zama *panino*, wato ɗan burodi, ƙaramin curi da ake tsagawa a cusa masa cuku ko nama ko ganye. Sunan namiji mai ƙarewa da *-o* yana yin jam'i da *-i*, na tamace mai ƙarewa da *-a* kuma yana yi da *-e*: *panino* da *panini*, *pizza* da *pizze*. Iyakar dokar da ake ta hayaniya a kanta ke nan.

Faransanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal, waɗanda suka fito daga tsatson Latin ɗaya da Italiyanci, ba haka suke yi ba. Su *-s* suke ƙarawa, kamar yadda Turanci yake yi. Kunnen Bafaranshe ko na ɗan Ingila bai saba jin adadi a cikin wasalin ƙarshe ba, balle kunnen Bahaushe wanda yake jin *-i* a ƙarshen burodi da tumatiri da bokiti, duk kuwa tilo ne.

Kalmar da muka fi sani, *spaghetti*, a kan wannan tsarin take. *Spago* shi ne kirtani, *spaghetto* ɗan kirtani, *spaghetti* kuma 'yan kirtani. Harafin *h* ɗin da ke wahalar da masu rubutu ba ya da sauti. An sa shi ne don kada *g* ya koma *j* a gaban wasalin *e*. Kusan duk sunayen taliyar Italiya jam'i ne, kuma kwatanci ne da wani abu na gida: *penne* alƙaluma ne saboda an yanke bakinsu a karkace kamar na fiƙaƙƙen alƙalami, *vermicelli* 'yan tsutsotsi, *linguine* 'yan harsuna, *orecchiette* na yankin Puglia 'yan kunnuwa, *farfalle* kuwa malam-buɗe-littafi ne, domin an matse tsakiyarsu an bar fikafikai biyu. Duk wanda ya riƙa guda ɗaya a tafin hannu zai ga abin da mai raɗa sunan ya gani.

Dalilin da ya sa jam'i ne ke fita waje

Ba haɗari ba ne cewa jam'in ne yake tsallake iyaka, tilon kuma ya zauna a gida. Abinci irin wannan da yawa ake cinsa. Babu wanda ya taɓa shiga kanti ya sayi ɗan kirtanin taliya guda, kuma abin da baƙo yake gani a jikin leda da allon shago da takardar jerin abinci shi ne jam'i, an rubuta shi da manyan haruffa a sama: PANINI, sannan a ƙarƙashi a jera iri-iri da farashinsu. Ba-Italiye yana karanta wannan a matsayin kan magana. Baƙo kuwa yana ɗauka sunan abin ke nan, ya nuna da yatsa ya ce a ba shi ɗaya. A shekarun 1970 da 1980 shagunan sayar da irin wannan burodi, waɗanda ake kira *paninoteche*, sun yi tashe a Milan, har aka riƙa kiran samarin da ke taruwa a wajensu da tufafi masu tsada *paninari*. Daga irin waɗannan alluna kalmar ta kama hanya.

Akwai kuma wani dalili da ya girmi wannan. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa sama da miliyan huɗu suka yi ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu talakawa daga kudu, daga Naples da Sicily da Calabria, kuma su ne suka kai wa duniya wannan girki. Mafi yawansu ba daidaitaccen Italiyanci suke yi ba. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa a lokacin haɗewar ƙasar Italiya a 1861 kashi 2.5 cikin ɗari na jama'a ne kaɗai ke iya magana da shi, waɗanda suka yi masa jayayya kuma ba su wuce kashi 10 ba. A karin harshen Naples wasalin ƙarshe yana dusashewa har kusan ba a jinsa, shi ya sa jikokin waɗannan baƙin a New York har gobe suke kiran cukun *mozzarella* da *ricotta* ba tare da *-a* ɗin ƙarshe ba. Wato wasalin da ake so yarinyar shago ta kiyaye, waɗanda suka ɗauko abincin a kansu ma ba su furta shi a fili ba.

"Ai kuskure kuskure ne, ko an saba da shi"

Wannan ce hujja ta farko da masu gyara suke kawowa: cewa kalma tana da sura ta asali, kuma yawan masu kauce mata ba ya mayar da kaucewar daidai. Na fahimci abin da ke jan hankali a cikinta, domin duk wanda ya sha wahalar koyon wani harshe yana jin zafi idan ya ga ana wasa da abin da ya haddace.

Amma mu tsaya a bakinmu tukuna. Kowane Bahaushe yana cewa Mala'ika Jibrilu, mala'ika ɗaya, mala'iku da yawa. A Larabci *mala'ika* jam'i ce, tilonta *malak*. Mun ɗauki jam'in mun mai da shi tilo, sannan muka ƙera masa sabon jam'i irin namu. Malamanmu da suka ƙware a nahawu da sarfu, waɗanda suka san wannan sarai, a kan mumbari mala'iku suke cewa idan suna wa'azi da Hausa, *mala'ika* kuma idan suna janyo aya. Ban taɓa jin wanda ya tashi a masallaci ya ce liman ya yi kuskure ba. Haka muka haɗiye *al-* ta Larabci a cikin alƙali da alƙalami da albasa, har muke cewa "alƙalin", mu ƙara wa kalmar da ta riga ta zo da alamar sananne wata alamar sananne. Daga Turanci kuma mun ɗauko silifas da *-s* ɗinsa na jam'i, uwa kuma takan ce wa ɗanta ya nemo mata silifas ɗinta ɗaya da ya ɓace.

Ba mu kaɗai ba ne. Sunan tumatir a Italiyanci, *pomodoro*, asalinsa "tuffan zinariya" ne, kuma tsohon jam'insa *pomi d'oro* shi ne Rashawa suka ɗauka suka mai da *pomidor*, tumatiri guda. Jamusawa sun ari *cakes* na Turanci suka mai da shi *Keks*, biskit ɗaya, suka yi masa jam'i *Kekse*. Idan duk wannan kuskure ne, to babu harshen da ke da tsarki a doron ƙasa, kuma kalmar kuskure ta daina nufin komai.

Hukumomin harshe ma, waɗanda aikinsu ke nan tsaurarawa, sun riga sun yanke hukunci. A gyaran ƙa'idojin rubutun Faransanci na 1990, wanda Académie française, hukumar kula da harshen Faransanci, ta amince da shi, an ba da shawarar cewa a ɗauki surar da aka fi amfani da ita a matsayin tilo ko da jam'i ce a harshen asali, sannan a yi mata jam'i irin na Faransanci: *un ravioli*, *des raviolis*. Hukumar harshen Sifaniyanci ta shigar da *espagueti* a ƙamusunta, jam'i *espaguetis*, da ƙarin wasali a gaba domin bakin Basifaniye ba ya fara kalma da *sp*, kamar yadda namu bakin yake raba baƙaƙen biyu da wasali a tsakiya. A Ajantina, inda Italiyawa suka yi ƙaura da yawa, abincinsu mai suna *gnocchi* ya zama *ñoqui* guda, *ñoquis* da yawa. Can akwai al'adar cinsa ranar 29 ga kowane wata, har ta kai ana kiran ma'aikacin bogi, wanda ba a ganinsa a ofis sai ƙarshen wata ranar albashi, da sunan *ñoqui*. Kalmar da ta yi irin wannan nisa, har ta zama zagi a siyasar wata ƙasa, ba a hannun Roma take ba kuma.

"Ya kamata a girmama masu harshen"

Hujja ta biyu ta fi ta farko ladabi. Masu ita suna cewa, tun da abincin nasu ne, sunan nasu ne, mutunci ne a faɗe shi yadda suke faɗa. Ni ma ina son girmama mutane. Sai dai ya kamata a fara tambayar yadda Italiyawan suke yi da kalmomin da su suka ara.

Ba-Italiye yana cewa *il film* ga fim ɗaya, *i film* ga finafinai. *Lo sport* da *gli sport*, *il computer* da *i computer*. Ba ya ƙara *-s* ɗin Turanci, kuma wanda ya ƙara shi a rubutu ana yi masa kallon mai nuna isa. Wannan ba sakacin 'yan kasuwa ba ne. Ita ce shawarar Accademia della Crusca, cibiyar kula da harshen da aka kafa a Florence a 1583, wadda sunanta ma yake nufin dusa, domin ta ɗauki aikinta a matsayin tankaɗe gari a raba shi da dusa. Masu tankaɗen sun ce kalmar aro da ta zauna a Italiyanci ba ta canja sura a jam'i. Ma'ana, nahawun Turanci ya tsaya a bakin iyaka.

Sun ma yi ainihin abin da ake zargin masu cewa panini ɗaya da shi. *Magazzino*, ɗakin ajiyar kaya, daga Larabci yake, kuma ba daga tilon *makhzan* ba, daga jam'in *makhazin*. Italiyawa suka mai da jam'in tilo suka yi masa nasu jam'in, *magazzini*. Faransawa suka karɓa ya zama *magasin*, daga can kuma Hausawan Nijar suka sami mangaza. *Cherubino*, wani jinsin mala'ika a addinin Kirista, daga jam'in Ibrananci yake. A zamaninmu kuma, *taliban* jam'in *talib* ne a harsunan Afganistan, amma jaridun Italiya suna rubuta *un talebano* ga mutum ɗaya, *i talebani* ga ƙungiyar. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sai dai a nan ban ga laifin ba ko a tudun nasu. Sun yi abin da kowane harshe mai rai yake yi.

Ko a kan taliyar kanta ba su tsaya inda mai gyara yake zato ba. A gidan abinci a Roma za ka ji mutum ya ce a kawo masa *uno spaghetto*, ɗan kirtani ɗaya, yana nufin faranti cike. Abokai kuma idan yunwa ta kama su da dare sukan ce a je a yi *due spaghetti*, 'yan kirtani biyu, ba kuma biyun suke nufi ba. Masu harshen suna wasa da tilo da jam'i yadda suka ga dama, baƙo ne yake tsaye ƙiƙam yana gadin dokar.

Ban da haka, taliyar da kanta ta taɓa zama baƙuwa a can. A 1154 masanin ƙasa al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roger na Biyu a Palermo, ya bayyana yadda ake yin wani abinci na fulawa mai kama da zare a garin Trabia na Sicily ana fitar da shi a jiragen ruwa, ya kira shi *itriyya*. Kalmar tana nan har yau a kudancin Italiya a matsayin *tria*, an yanke mata kai an daidaita ta da bakin mutanen wurin, ba tare da an nemi izinin kowa ba.

"Mai ilimi ai sai ya nuna ya sani"

A nan ne nake ganin gaskiyar lamarin take. Wanda ya nace sai an ce *panino*, a gidansa yana cewa spaghetti ya dahu ko ta dahu, bai taɓa cewa sun dahu ba. Yana cewa makaroni, alhali *maccheroni* jam'in *maccherone* ne. Idan ya je Amurka zai sayi *zucchini* guda ɗaya, ya ci *biscotti* guda ɗaya da shayi, ba tare da zuciyarsa ta buga ba. Amurkawa suna rubuta *lasagna*, tilo, 'yan Ingila suna rubuta *lasagne*, jam'i, abinci ɗaya ne a faranti, kuma babu wanda ya taɓa komawa gida da yunwa saboda bambancin. Amurkawan ma sun sauya wa *linguine* da *fettuccine* jinsi da suka riƙa rubuta su da *-i* a ƙarshe, domin haka kunnensu yake jin *-e* ɗin.

Idan da doka ce mutum yake bi, da ya bi ta a duk waɗannan. Tun da a kalma ɗaya kawai yake tsayawa, kuma a gaban mutanen da yake ganin ba su kai shi yawon duniya ba, to abin da yake nunawa ba nahawu ba ne, fasfo ne.

Zan yi wa masu gyara adalci a wuri ɗaya. Panini ya bambanta da spaghetti domin abu ne da ake ƙirgawa. Taliya ana ɗibarta ne kamar shinkafa, ba a damu da adadinta ba, amma panini ana cewa ɗaya ko biyu, saboda haka wanda ya san Italiyanci yana jin karon a kunnensa kamar yadda za mu ji idan wani ya ce "awaki ɗaya". Wannan jin na gaske ne. Amma shi ma lokaci ne ke kashe shi. *Salami* jam'in *salame* ne, ana ƙirga shi, kuma ya daɗe a Turanci da Jamusanci har babu wanda yake jin wani karo. Panini sabon shiga ne kawai, shi ya sa har yanzu ake ganin ɗinkinsa.

Wurin da sanin asali yake ceton mutum

Na ce akwai wurin da ya kamata a damu, ga shi: ma'ana. Kalmar aro ba nahawunta kaɗai take canjawa ba, abin da take nufi ma yana gocewa, kuma wannan gocewar ce take shiga cikin mutum.

A Italiya *peperoni* tattasai ne, manyan nan masu zaƙi, ja da kore da rawaya. A Amurka *pepperoni*, da ƙarin *p*, tsiran-alade ne mai yaji da ake yankawa a kan fiza, wanda yawanci ana yinsa da naman alade ko a gauraya shi da na sa. Musulmin da ya koyi kalmar a Milan ya tafi da ita Chicago zai iya yin odar abin da bai yi niyya ba. Wanda kuma ya koye ta a Chicago zai ƙaurace wa fizar tattasai a Naples ba gaira ba dalili. *Latte* a Italiya madara ce zalla, wanda ya nemi *latte* a can kofin madara za a miƙa masa, sai ya ce *caffè latte* kafin a sa masa gahawa. *Biscotti* a can kowane irin biskit ne, busasshen nan mai 'ya'yan almon da duniya ta sani da wannan suna kuwa *cantucci* suke kiransa. *Confetti* alewar almon ce da ake rabawa a bikin aure, ba yankakkun takardun da ake watsawa ba.

Shi kansa panini haka ne. A waje yana nufin burodin da aka danne a cikin injin gashi har ya fito da zane-zane a bayansa. A Italiya *panino* kowane burodi ne da aka cusa wa wani abu, kuma sau da yawa da sanyinsa ake ci. Abin da ya fi muhimmanci ga matafiyinmu shi ne abin da aka cusa: *prosciutto* da *pancetta* da *mortadella* da yawancin *salame* duk daga alade suke, *guanciale* da ake yin taliyar *carbonara* da shi kumatun alade ne, *strutto* kuma kitsensa ne, wanda ake kwaɓa wasu nau'o'in burodi da shi, har da *piadina* ta gargajiya ta yankin Romagna. *Bresaola* ce ta naman sa. Da mai son koyar da mutane Italiyanci a bakin kanta zai koya musu waɗannan kalmomin, da ya yi aikin lada.

Haka kuma, wanda yake magana da Italiyanci dole ya bi dokar Italiyanci. Ɗalibinmu da ke karatu a Perugia ko ɗan kasuwarmu da ke sayen takalma a Naples, idan ya shiga shago ya ce *un panini*, kuskure ya yi, domin a cikin gidansu yake. Gidan abincin da ya zaɓi ya rubuta jerin abincinsa gaba ɗaya da Italiyanci don ya nuna shi na asali ne, shi ma ya ɗauki wa kansa nauyin rubuta shi daidai, ba laifi idan aka yi masa dariya da ya kasa. Iyakar a bayyane take: harshen da kake yi a lokacin, shi ne yake da hukunci a kan kalmar.

Mu da muke rubutu da Hausa

Ƙasashen da Italiya ta mallaka sun nuna yadda abin yake ƙarewa. Libiya ta kasance a hannunta daga 1911 zuwa 1943, kuma *makaruna* a can tamace ce tilo, ta zama abincin gida da ake dafawa a tukunya ɗaya da miyar tumatir da yaji. Somaliyawa suna cewa *baasto* daga *pasta*, domin harshensu ba shi da *p*. Turkawa, waɗanda ba a mallaka ba, suna cewa *makarna*. Babu ɗayansu da ya ɗauko dokar *-o* da *-i* tare da tukunyar.

Mu kuwa muna da taliya, kalmar da mutane da yawa suke dangantawa da sunan ƙasar Italiya, kuma ta zauna daram a nahawunmu. Tamace ce domin ta ƙare da *-a*, muna cewa taliyar Hausa da taliya 'yar murji, mu ci ta da manja da yaji, a Kumasi da Accra kuma a ɗora ta a kan wake da shinkafa. Fiza ma ta shigo a matsayin tamace, kuma ta dace da jinsinta na Italiya, amma sa'a ce kawai, domin dokarmu ce ta ba ta jinsin, ba tasu ba. Panini, idan ya daɗe a cikinmu, namiji zai zama kamar burodi, *p* ɗinsa kuma zai karkata zuwa *f* a bakin yawancin mutane kamar yadda ya faru da fanke da fensir da famfo.

Abin da nake roƙon masu fassara a gidajen rediyo da masu rubuta girke-girke shi ne kada su shigo mana da *panino* da *pizze* da sunan ƙwarewa. Mai karatu ba zai gane cewa panino da panini abu ɗaya ba ne sai an yi masa dogon bayani, kuma bayanin ba zai ƙara wa girkinsa komai ba. A rubuta panini ɗaya, panini uku, kamar yadda muke cewa lemo ɗaya, lemo uku, tun da a Hausa lamba ta isa ta nuna yawa ko da sunan yana tilo. Filin da aka rage a yi amfani da shi a faɗa wa mai karatu wane irin nama ne a cikin na Italiya, da kuma abin da zai sa a madadinsa idan zai yi a gida.